Kuɗin Mota a Njamena

Sai da na isa Marwa ta ƙasar Kamaru sannan na fara gane cewa ɓarawon da nake bi ya fi ni sanin doka, ya fi lauyan da ya zugo ni, ya kuma fi duk wani mai kaki da na durƙusa wa a hanya. Kafin nan tafe nake da ƙarfin gwiwa irin na mai gaskiya, wato irin na wawa. Takardar da 'yan sandan gida suka ba ni tana cikin leda a aljihun 'yar ciki, ina ta tattalinta kamar laya, ko alwala zan yi sai na dafa na ji tana nan.

Ni dillalin shanu ne a karar Wudil, wato kasuwar shanu. Sunana Sabi'u, amma a kara Sabi'un Malam Hadi ake kirana, domin turken da nake ɗaure shanu a kansa mahaifina ne ya kafa shi da hannunsa. Wanda bai san kara ba zai ce ai guntun itace ne. To, itace ne, amma duk baƙon da ya sauke dabbarsa a turken Malam Hadi ya san ba za a ci masa ko sisi ba, mai saye kuma ya san ba za a liƙa masa ta sata ba. Da wannan turken aka ciyar da mu, da shi aka yi mana aure, kuma saboda shi na bar gida.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Fataken da ke zuwa Cadi saro shanu ba sa son ɗaukar kuɗi a jiki, kowa ya san halin hanya. Sai su ba ɗan canji naira a Wudil, su tafi hannu rabbana, in sun isa Kuseri, garin da ke bakin iyakar Kamaru da Cadi, su karɓi sefa a shagon mutuminsa. Ba takarda, ba sa hannu. Magana ce a gaban shaidu, haka muka taso muka tarar. Alhaji Bashari ɗan canji ne irin wannan, mai fara'a, mai yawan salati. Ubansa mutumin Utai ne, mun san gidansu. Ni na kawo shi kara, ni na ce wa fatake na tsaya masa, kuma ya yi shekaru yana biya daidai, ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba. Ashe kiwonmu yake yi. Gab da wata Babbar Sallah, lokacin da kowa ya zuba masa abin da ya mallaka har da wanda ya ranto, fatake suka isa Kuseri suka tarar da kwaɗo a ƙofar shago. Bashari ya yi layar zana.

Wanda ya fi kowa asara shi ne Alhaji Garba na Sabon Gari, kuma shi ya fi kowa baki. A tsakiyar kara ya tuɓe hula ya yi jifa da ita, yana kuka da majina, yana rantsuwa cewa ko a lahira ba zai yafe ba, shi da duk abin da ya shafi Bashari har abada. Dattawan kara suka zauna suka yanke: tunda Sabi'u ne ya tsaya masa, Sabi'u ya kawo shi, ko ya kawo hukuncin wata kotu a kansa, kafin a gama girbin dawa. In ba haka ba, turken Malam Hadi ya koma hannun wani. Ban yi musu ba, don da ni ne a wurinsu haka zan yanke.

Da hukumar gida na fara. Wani jami'i a Kano, wanda tumbinsa ya hana shi matsowa kusa da teburinsa, ya yi min bayani yana sakace. Ya ce lallai an cuce mu, amma mutumin ya tsallake, su kuwa hannunsu a bakin iyaka ya tsaya. Sai an rubuta wa wani ofishi a Abuja, shi ya rubuta wa wani ofishin, wannan ya miƙa wa na jakadanci, a juya takardar zuwa Faransanci, sannan ta shiga ofisoshin can ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi ko za ta isa kafin girbi. Ya tambaye ni girbin wace shekara. Wani lauya da na biya kuɗin shawara shi ne ya ce in tafi da ƙafata in shigar da ƙara a can, wai ƙasashen nan duk 'yan'uwan juna ne, akwai yarjejeniya a tsakaninsu. Daga baya na samu labari shi kansa bai taɓa wuce Birnin Kudu ba.

To, ga ni a Marwa, bayan na biyo ta Mubi a kan babur da bayan akori-kura, an tatse ni a kowane shinge. Jami'in da aka kai ni gabansa ya ɗaga takardata da yatsu biyu kamar a kwata ya tsinto ta. Da Fulatanci muka yi magana, don aikin kara ya koya min wanda zan ci abinci da shi. Ya ce da Turanci aka rubuta. Na ce ai an gaya min ƙasarsu har da Turanci take yi. Ya ce ƙasar tana yi, ofishinsa ne ba ya yi, in kai wa tafintan da hukuma ta rantsar ya juya ta. Tafintan ya karɓi abin da zai sayi tunkiya, ya yi ta ce min gobe, daga ƙarshe ya ba ni takarda mai hatimi ja da shuɗi. Na koma ina murna. Jami'in ya karanta a tsanake, ya cire tabarau, ya tambaye ni ina aka ba da kuɗin. Na ce Wudil. Su wa aka cuta? Na ce 'yan Najeriya. Ina mutumin yake? Na ce an ce yana Njamena, babban birnin Cadi.

"To mu mene ne namu a ciki?" in ji shi. "Kuɗi a ƙasarku, ɓarawo a ƙasar wasu. Mu kwaɗo kawai aka bar mana."

Da ya faɗa min haka tun ranar farko, da tunkiyata tana nan. Amma wa ya taɓa ganin ofishin da zai ce maka ba aikinsa ba ne tun kafin ka sayi hatimi? Ya ce in ƙarasa Kuseri in gwada sa'ata.

Hanyar Kuseri azaba ce da aka yayyafa wa kwalta nan da can. Na isa da ƙugu a sage. Shagon da fatakenmu suke karɓar sefa na same shi a buɗe, wani yana sayar da cajar waya da tocila, bai taɓa jin sunan Bashari ba. Jandarman da na kai wa kuka ya fito da ni waje, ya nuna min gadar shiga Njamena da leɓe, ya ce mai shagon ta nan ya bi, kuma daga tsakiyar gadar zuwa can ba nasa ba ne. Na tsaya ina kallo. Mata suna tsallakawa da tumatir a ka, 'yan acaɓa suna tsallakawa da buhunan sukari, har akuya na gani ta tsallaka ba wanda ya tambaye ta takarda. Doka ce kaɗai gurguwa a garin, ita ce ba ta iya hawa gada.

A bakin gadar nan wani ya tare ni da Hausar Kano tsantsa. Ya gaishe ni har da tambayar mutanen gida da damina, ya ce shi ɗan Gaya ne, maƙwabcinmu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na daɗe ban ji an ce min sannu da ɗawainiya ba. Ya ce duk alƙalan tsallake abokansa ne, in kawo na buɗe fayil. Na bayar. Ya shiga wani lungu wai zai kira wani, ya bar ni riƙe da jakarsa har la'asar. Da na gaji na buɗe jakar, tsummokara ne a ciki. Na fito neman ɓarawo ɗaya, ga shi an yi min gyara.

Washegari zazzaɓi ya kayar da ni a tasha. Wata tsohuwa mai sayar da abinci, Hajja Falmata, Babarbariya ce, Hausarta ba ta wuce "ci" da "sha" ba, ita ta sa aka ja ni inuwar rumfarta. Ta dafa ganyen darbejiya na yi surace, ta riƙa ɗura min kunu da ludayi tana yi min faɗa da yarenta. Da na warware na miƙa mata kuɗi, ta buge min hannu da ludayin. Ina kwance a rumfarta Juma'a ta zagayo, ranar kasuwar Wudil, iska ta kawo ƙarnin kogi da ƙanshin soyayyen kifi, sai ga gadar Wudil a idona, da masu tallan kifi suna bin motoci, da kukan shanu ana sauke su daga tirela. Kewar gida ta kama ni har na ji kamar in yi kuka. Na kira matata Hauwa. Ta ce yara lafiya, dawa ta fara fitar da kai, kuma an ga Ɗanlami, wani dillali da ko haƙorin saniya bai iya dubawa ba, yana zagaya turkenmu yana girgiza shi ya ji ƙarfinsa.

A Njamena na sauka a zauren Malam Barka, dattijon unguwar Hausawa, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Kano zai tafi Makka a ƙafa ya maƙale a nan. Duk Bahaushen da ya sauka a garin ba shi da kowa, tabarmar Malam Barka ce tasa, da tuwo safe da yamma. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa komai. Da na faɗa masa wanda nake nema, ya ja carbinsa, ya ce in bari sai Juma'a.

Ran Juma'a kuwa na ga Bashari a masallaci. Sahun farko, daidai bayan liman, ya yi ƙiba har wuyansa ya yi ninki, ga wata shadda tana ɗaukar ido. Ni na zaci mai laifi ɓuya yake yi. Ina! Shi ne ma ya sa wa masallacin fankoki. Da aka sallame ya hango ni, ko gezau bai yi ba, ya taho da hannu biyu yana tambayata saukar yaushe, ya mutanen Wudil, ya Alhaji Garba da iyali. Na dube shi daga hula har takalmi, na rasa abin da zan ce wanda ba zai ɓata min sallar da na idar yanzu ba.

Dillali ko a baƙon gari ƙafarsa kara take kai shi. A kasuwar shanunsu na ga wasu fararen bijimai masu manyan ƙaho, an yi musu sabon tambari da wuta a cinyar hagu, kamar ƙugiya, kunnen dama kuma a tsage. Na tambayi na waye. Aka ce na Alhaji Bashari ne, garke guda gare shi a bayan gari, amma a takarda na ƙanin matarsa ne. Na shafa bayan ɗaya na ji kitse ya kwanta. Jarin fataken Wudil ne tsaye a gabana yana tuƙa.

Mai gabatar da ƙarar da na samu bayan zarya mai yawa wani siririn matashi ne, kuma shi kaɗai ne a cikin masu ofis ya ba ni kujera. Ta bakin tafinta ya warware min komai. Ba za su miƙa Bashari ga Najeriya ba ko da takardar Abuja ta iso, domin uwarsa 'yar ƙasar ce, yana da shaidar zama ɗan ƙasa, su kuwa ba sa miƙa nasu. Mu mun san ubansa, mun san kakansa, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina aka auro uwarsa. Shi ya sani, tun kafin ya ɗauki kuɗin ya san gadar da zai tsallaka. Amma matashin ya ce za su iya yi masa shari'a a can, in har an nuna zamba ce, ba ciniki ne ya lalace ba. Ya tambaye ni rasit. Na yi dariya na ce a kara bakin mutum ne rasit. Shi bai yi dariya ba. Duk da haka ya yi ƙoƙari. Ya sa aka kira fatake ta waya suka ba da shaida, ya gano cewa an kwashe kayan shagon Kuseri tun kafin Bashari ya karɓi kuɗin ƙarshe a Wudil, ya ce wannan ya nuna da niyya aka yi. Aka sa mana rana a gaban alƙali mai bincike. Da zan fita ya tsayar da ni.

"Zai nemi ya biya ka wani abu daga ciki. Kada ka karɓa. Ranar da ka karɓa, magana ta tashi daga sata ta koma bashi, kuma ba a ɗaure mutum a kan bashi."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba yaro ba ne.

Ana saura kwanaki kaɗan, Malam Barka ya ce min dattawan unguwa suna so a zauna. Bashari ya kai musu kuka cewa ɗan'uwansa Musulmi zai tona masa asiri a gaban masu jin Faransanci, alhali ana iya kashe wutar a zaure. Ina cin tuwon mutum, ina kwana a tabarmarsa, da wane bakin zan ce ba zan zauna ba? Muka tafi bayan la'asar, gidan Bashari, can wata unguwa mai nisa, gida mai ƙofar ƙarfe da fenti har ƙasa. An yanka rago. Ni ruwa kawai na sha. Bashari ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya ce ƙaddara ce, sefa ce ta tashi, mutuminsa na Kuseri ne ya ci amanarsa, shi kansa ba ya barci. Hawaye shar-shar, wallahi da a ce ban shafa bijiman nan da hannuna ba da na taya shi kuka. Sai ya sa aka shigo da wata jaka, ya tura gabana, ya ce in fara kai wa mutane wannan, saura yana tafe. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai.

"Alhaji, mayar da jakarka," na ce masa. "Ba ni kaɗai ka ɗaukar wa ba, ba ni zan sasanta ba. Mu haɗu a gaban alƙali."

Dattawa ba su ji daɗi ba, amma aka shafa Fatiha aka tashi. Ni kuwa kaina ya yi girma, ina jin na tsallake tarko.

Bashari ya rako mu har ƙofar gida, kamar yadda mai gida yake yi. Ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu na mota a aljihu, kowa yana cewa haba Alhaji, har da ɗawainiya. Ya zo kaina. Na janye, ya matso. Na ce a'a, ya ce haba, shari'a daban zumunci daban, baƙo bai taɓa fita daga gidansa haka nan ba. Na sake janyewa. Malam Barka ya dube ni, ya yi ƙasa da murya.

"Sabi'u, wannan ai na mota ne. Kada ka kunyata mu a ƙofar gida."

Kowa ya san ƙa'idar. Ka ƙi sau ɗaya, ka ƙi sau biyu, na uku ka bari, in ba haka ba ba mai bayarwa ka wulaƙanta ba, waɗanda suka karɓa a gabanka ka zaga. Na bari ya cusa. Bakina kuma ya faɗi abin da aka koya masa tun ina ɗan yaye: na gode, Allah ya saka da alheri. Na ga direbansa a gefe riƙe da waya, na zaci kira yake yi.

Ko a raina ban kawo gargaɗin matashin nan ba. Biya daban, kuɗin mota daban, wannan ko jaririn Bahaushe ya sani. Abin da ya cusa min ɗin ma bai wuce kuɗin akuya ba. Na ƙulle su a ƙyalle na ajiye, da niyyar in watsa masa a fuska ranar da aka ɗaure shi.

Ranar zama lauyan Bashari ya shigo da baƙar riga mai farin ƙyalle a wuya kamar gemun bunsuru. Ya fara da cewa canjin da muke yi ba ta banki ba shi kansa laifi ne a duk ƙasashen, kuma tunda ni nake kawo fatake, in ɗauri za a yi da ni ya kamata a fara. Wannan bai girgiza alƙalin sosai ba. Sai lauyan ya ciro waya.

Ga ni a ciki ɓaro-ɓaro, a ƙofar gidan Bashari, dattawa kewaye, hannunsa a aljihuna, ina godiya har da ɗan rusunawa. Jakar da na ƙi kuwa ba wanda ya ɗauke ta a hoto. Lauyan ya ce an yi zaman sulhu a gaban shugabannin al'umma, an yi addu'a, wakilin masu ƙara ya karɓi kason farko ya yi godiya.

Na miƙe na yi bayani har muryata ta dushe. Tafinta ya juya daidai, ba na zarginsa. Aka kira Malam Barka, tsohon ya rantse ya faɗi gaskiya, ya ba da labarin jakar, ya ce wancan na mota ne, shi ma an ba shi. Alƙalin, wani mai furfura da ke ta duban agogo, ya ce a tambaye shi: an zauna a kan wannan maganar? An zauna. Kuɗi sun fita daga hannun wanda ake ƙara sun shiga aljihun mai ƙara a ranar? Sun shiga. Ya mayar? Bai mayar ba. Alƙalin ya ce dokarsu ba ta san wani abu wai shi kuɗin mota ba, abin da ta sani shi ne an zauna an karɓa, kuma inda shakka ta shiga wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarta. Ya rufe fayil ɗin laifi, ya ce in muna da haƙƙi mu nema a kotun bashi. Na tambayi ina kotun bashin take. Aka ce tunda a Wudil aka ƙulla cinikin, a can ya kamata mu fara. In mun samu hukunci sai a aika Abuja, a juya shi Faransanci, ya biyo ofisoshi har ya iso su duba.

Matashin nan mai gabatar da ƙara ya tattara takardunsa kansa a ƙasa. Kunyarsa na ji. Bashari kuwa ya jira ni a bakin ƙofa ya ce in na koma in gaishe masa da mutanen gida.

Tir! Ƙasa uku, kowacce da tutarta da alƙalanta da dogayen gine-gine, manyansu suna taruwa a otal su sa hannu a yarjejeniya su ɗauki hoto, amma mutum ɗaya da direba da waya ya gama da su gaba ɗaya. Ban tsane su ba ma, raina su na yi, kuma har yau rainin yana nan.

Guzurina ya ƙare ƙaf. Malam Barka ya so ya haɗa min wani abu, na ƙi, na ci nasa ya isa. A tasha na juya baya na kwance ƙyallen nan. Kuɗin motar Bashari su suka kawo ni har Mubi. Ɗan banza ya lissafa daidai, ko canji ba a ba ni ba.

Na iso Wudil a bayan wata tirelar shanu da ta rage min hanya, an gama girbi, dawa ta shiga rumbu. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Dattawa suka ce sannu da ƙoƙari, Allah ya sa kaffara ce, suka ba Ɗanlami turken. Takardar Abuja kuwa an ce min har yanzu tana tafe. Na koma zama a gefen rumfar masu igiya, in wani ya rasa mai duba masa dabba ya kira ni ya ba ni na goro.

Wata Juma'a bayan watanni, tirela ta sauke shanun Cadi. Daga nesa na hango fararen bijimai masu manyan ƙaho ana ɗaure su a turken mahaifina. Na matsa. Ƙugiya a cinyar hagu, kunnen dama a tsage. Na gaya wa dattawa, suka karɓi takardun shanun suka duba: sunan ƙanin matarsa, hatimin kowace iyaka, haraji a biye. Ba wanda zai iya taɓa su. Kafin a tafi masallaci labari ya zaga kara, kowa ya san na waye. Na zaci za a watse a bar su a rana. Sai ga fatake sun yi dafifi, domin shanun sun yi kyau, farashin kuma da sauƙi. A gaba-gaba Alhaji Garba na Sabon Gari, da sabuwar hula.

Ya zagaya babban bijimin, ya daddaki cinyarsa, ya dubi Ɗanlami ya ga ba abin da zai tsinana masa. Sai ya waiwayo ya hango ni.

"Sabi'un Malam Hadi, zo don Allah ka duba min bakin wannan. Kai ne ba ka ƙarya."

Na je. Na dafa turken da hannu ɗaya, ya yi santsi a inda tafin mahaifina ya cinye shi. Na buɗe bakin bijimin na duba haƙora, na matsa tozo, na ɗaga kofato. Ba shi da aibu ko ɗaya.

"Saya, Alhaji," na ce masa. "Lafiyayye ne. Ai da kuɗinka aka yi kiwonsa."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ni dai bakina ba ya mutuwa. Ya taya, Ɗanlami ya ce albarka, ya ƙara, aka sallama masa. Da zai tafi ya laluba aljihu ya miƙo min wasu kuɗi a dunƙule, ya ce ga na mota.

Na ce masa da ƙafa na zo.